Matakalar Baya

Takalmanta na hannunta, tana sanɗa ta matakalar baya kamar ɓarauniya, sai ga matar Mai Wuta da bokitin shara.

"Dakta, ta nan kike bi yanzu?"

Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce ai ƙafarta ce ke ciwo. Matar ta dubi takalman, ta kau da kai.

"Babanki na nemanki. Ya daina iya fitowa."

Ita fa ba likitar asibiti ba ce. A ɗakin bincike take aiki, tsakanin kwalabe da fararen ɓeraye, kuma bakinta ne ya ja mata. Bara Mai Wuta, tsohon maƙwabcinta mai gyaran lantarki da take kira Baba, ya hau sama gyara mata fanka, lokacin an riga an gano masa ciwon daji a hanji. Ya tambaye ta me suke yi a can, ita kuwa ta saki baki. Ta ce cikin ƙwayoyin jiki akwai wani furotin mai aiki kamar makunni, in ya maƙale a kunne sai ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba tsayawa, kuma su sun samo sinadarin da zai kashe shi, ba amai ba zubar gashi. Yadda yake gyaɗa kai ya yi mata daɗi, har ta ƙara gishiri. "Saura ƙiris, Baba."

Tun daga ranar ya kafa kujera a bakin ƙofarsa. Kullum safe in ta sauko sai ya ce, "Dakta, ya ɓerayenmu?" Ta ce da sauƙi. Da ɓerayen suka fara mutuwa, ta koma matakalar baya.

A bakin ɗakinsa, matar ta riƙe mata hannu, ta rage murya. "Ki lallashe shi. Tun bara ya ƙi komawa ƙarin ruwan nan na asibiti. Wai me zai sa ya sha wuya, ga maganin 'yarsa na hanya."

Dakta ta shiga ciki.

Ɗakin na warin man zafi. Jakar kayan aikinsa na rataye a ƙusa, ta yi ƙura. Shi kuwa ya zama ƙashi da fata, amma yana ganinta ya washe baki.

"Ya ɓerayenmu?"

Ta durƙusa a gefen gado. Ƙaryar na kan harshenta, a shirye kamar kullum. Ta haɗiye ta.

"Sun mutu, Baba. Maganin ba ya shiga ƙwayar sosai. In ya shiga kuma, sai ya kashe wasu makunnan da jiki ke buƙata. Ko zai yi, sai nan da shekaru."

Ya daɗe yana kallon rufi.

"Tun yaushe?"

"Da daɗewa."

"Shi ya sa na daina jin ƙarar takalminki." Ba faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. "Na ɗauka aiki ne ya yi miki yawa."

"Ka yafe mini, Baba. Ka bari mu koma asibiti, ni zan kai ka."

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. "Wayar ta riga ta ƙone, 'yar nan. Tashi, kar ki makara."

Sun kai shi duk da haka. Likita ya duba hoton cikinsa, ya rubuta maganin rage zafi kawai. Mai Wuta bai ga ƙarshen watan ba.

Bayan masu gaisuwa sun watse, an naɗe tabarmi, an mayar da kujerun aro. Tasa ce kaɗai ba wanda ya taɓa. Da safe Dakta ta sauko ta matakalar gaba, takalmanta a ƙafa, kowane taku na amsa kuwwa a barandar. Kujerar na nan a bakin ƙofa, tana fuskantar matakala, matashin da ke kanta har yanzu a lotse.