Malamin Rangwaɗa

Lado mai gyaran firji ne a unguwar Karantina ta Jidda, mutum mai kauri da ƙarancin magana, wanda ko dariya sai ya ga dama. Ya zo umara tun yana da baƙin gashi, ya manta da hanyar filin jirgi. Ɗaki ɗaya suke haya da Othman direba, haifaffen Jidda, a gidan Hajiya Mastura. Shekara da shekaru unguwa na ce musu aminai, su kuma ba su taɓa gyara wa kowa ba. Abin da ke tsakaninsu ya wuce aminci, kuma dukansu sun san a ƙasar nan irin wannan magana ba ta tsayawa a korar ɗan haya. Lado ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Duk ranar da Hajiya ta gane, shi za a tusa a jirgi, Othman ya zauna, shi ke nan.

Ana haka sai ga Darakta Abdulwahid daga gida, da kyamara a cikin jakar harami. Umara ya zo, in ji shi, amma ya ga asara ce a zo har nan ba a ɗauki kashi biyu ko uku na wasan kwaikwayonsa na talabijin ba. Hajiya, wadda ba ta ƙetare wasan ko sau ɗaya in an kawo kaset, ta ba shi tsakar gidanta kyauta. Ɗan wasansa Jabiru kuwa ta sa aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin su Lado.

Jabiru shi zai fito a matsayin Mahmudu, namijin da ba ruwansa da mata. Duk wasan darakta sai da irin wannan mutum, kamar yadda miya ba ta yi sai da gishiri: ya shigo yana karairaya, ya tafa hannu, a yi dariya, wani ya mare shi, a ƙara dariya. Sai dai Jabiru ya yi karatu, karatun kuma ya lalata shi. Ya ce shi mutum zai fito, ba abin dariya ba.

Yaro ne mai shiru da ido. Bai tambayi kowa komai ba, kallo kawai yake yi. Lado bai damu ba, har ranar Laraba da ya dawo da injin firji a kafaɗa ya tarar ana gwaji a tsakar gida.

Jabiru na zaune a kan tabarma. Babu ɗaurin ƙirji, babu fari da ido. Aka buga ƙofa, ya ɗaga kai kafin a yi sallama, kamar ya san takun mai shigowa. Ya zuba shayi, ya juye shi daga kofi zuwa kofi har ya huce, ya miƙa ba tare da ya dubi fuskar abokin wasan da ya shigo ba. Sannan ya sosa bayan kunne, ya ce a hankali, "Ka daɗe yau."

Lado ya gane kansa nan take. Muryarsa ce. Sosa kunnensa ne. Shayin nan haka yake fifita wa Othman kullum, don Othman ba ya son mai zafi. Ya dubi Hajiya Mastura a bakin ƙofar madafa: ta daina tsinke ganye, ta karkata kai tana kallo irin na mai ƙoƙarin tuna inda ta san mutum.

Tsoro ya buɗe bakin da shekaru ba su buɗe ba. Lado ya dire injin, ya tuntsire da dariya.

"Darakta, mene ne wannan? Ta'aziyya aka zo yi? Wa ya taɓa ganin ɗan daudu haka, kamar mai gyaran rediyo?"

Abdulwahid ya yi tsalle. "Allah ya yi maka albarka, ya shaikh! Tun jiya nake faɗa masa. Mutane za su kashe talabijin."

"Ba ɗan daudu ba ne," in ji Jabiru. "Mutum ne kawai da—"

"Halas, ya isa," Lado ya katse shi. "Duk kanwar ja ce. Tashi in nuna maka."

Abin da ya biyo baya, Karantina ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ƙaton mai gyaran firji, hannu duk baƙin mai, ya ɗaura zanen Hajiya a ƙirji ya ratsa tsakar gida yana rangwaɗa. Duk abin da ya taɓa gani a kaset ya kwaso, ya ninka shi. Ya karya wuyan hannu, ya murguɗa baki, ya ja "Ke 'yar naaan" har sai da kaji suka watse. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Darakta ya ce a ƙara shewa. Lado ya ƙara, ya kuma ba da shawarar a sa jan baki.

Jabiru ya dube shi, kallo ɗaya mai tsawo, na wanda ya gane kuma ya ji tausayi. Wannan tausayin ya fi yi wa Lado ciwo fiye da zanen. Amma yaron ya sunkuyar da kai ya karɓi zanen. Kwanakin da suka rage, Lado bai gyara firji ko ɗaya ba. Yana tsaye a bayan kyamara yana cewa, "Yalla, ƙara lanƙwasa. Har yanzu ka yi kama da mutane."

Othman bai san an yi ba, yana kai kaya garin Yanbu.

Bayan watanni darakta ya dawo wata umarar da kaset a hannu. Ranar Juma'a bayan la'asar Hajiya ta sa aka fito da talabijin tsakar gida, maƙwabta suka cika tabarmi. Lado ya zauna kusa da Othman, hankali kwance. Mahmudu ya shigo yana kwarkwasa, aka fashe da dariya. Aka mare shi, aka ƙara fashewa. Wata ta ce Allah ya tsare mana zuri'a. Wani ya ce ai irinsu tun daga nesa ake gane su, Lado ya ce ƙwarai kuwa, da ƙarfi. Othman kaɗai bai yi dariya ba. Ido ya zuba wa allon kamar mai kallon haɗarin mota.

Da aka gama, darakta ya miƙe yana gyara hula. Mutum ne mai son a san ba ya cin haƙƙin kowa.

"Jama'a, kada ku yabe ni. Yaron nan da bai iya komai ba. Tafiyar, muryar, hannun, duk Malam Lado ne ya koya masa. Wallahi ko a Kano ban ga wanda ya san su ciki da waje kamarsa ba."

Aka yi tafi, amma tafin bai yi nisa ba. Hajiya Mastura ta juyo, sauran dariya na bushewa a fuskarta.

"Ɗayyib, to madalla," ta ce. "Ni ma abin ya tsaya mini a rai tun ranar. Kai da ba ka fita ko'ina, Lado, daga aiki sai ɗaki, kai da Othman. A ina ka san su haka?"

A gefensa Lado ya ji motsin tabarma. Othman ne, bai dubi kowa ba, ya ɗan matsa gefe, ya bar fili tsakaninsu wanda mutum ɗaya zai iya zama.