Ba a Dasa Mangwaro a Gonar Aro

Ƙungiyar manoman gyaɗa ta wani ƙauye a gefen Tsanyawa ta yanke shawarar mallakar shafin intanet, domin kowane manomi ya buɗe wayarsa ya ga taswirar gonaki da ranar da tarakta za ta zo tasa. Aka ɗora aikin a kan Furera, 'yar Malam Kallamu, wadda ta karanto kwamfuta a Kano. Ƙauyuka uku na maƙwabta suka ba da mutane aka zagaya iyakoki, bisa alkawarin da Furera ta ɗauka a bainar jama'a: in an gama, za ta ba kowannensu kwafin manhajar ya yi nasa shafin.

Zana taswira yana buƙatar laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta, wanda ke aiki a cikin wayar mai dubawa. Furera ta tace, biyu suka rage. Na farko yana juya taswira, har inuwa yake yi wa itatuwa. Mambobi suka raɗa masa Ɗan Gayu. Na biyu iyakoki da sunaye kawai yake nunawa, amma yana buɗewa ko da sabis ya yi rauni. Shi aka kira Jaki.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Sabo, ya ga Ɗan Gayu sau ɗaya, kuma sau ɗayan ya ishe shi, musamman da yake ranar Alhamis baƙi za su zo daga ƙaramar hukuma.

"Wannan mai juyin za ki sa," in ji shi a zaman ƙungiya.

"Baba Alhaji, na karanta lasisinsa. Shafi ɗaya ya yarda a yi da shi, ya hana a miƙa wa wani, kuma masu shi suna iya janyewa ranar da suka ga dama. Na Jaki cewa ya yi a ɗauka, a gyara, a bayar, a dai bar sunan marubutansa."

"Karanta shi kika yi? Duka?" Alhaji ya dube ta da tausayi, irin wanda ake yi wa mai ciwon da ba a san maganinsa ba. "Mu da muka sani, danna 'na yarda' ake yi a wuce. Wane Bature ne zai hau bas ya zo Tsanyawa bincike?"

"Ba Bature na yi wa alkawari ba. In na sa shi, ba abin da zan ba ƙauyukan nan uku."

"Su ci kansu. Kowa ya nemi nasa."

Furera ta rufe kwamfutarta a hankali. "Baba, gonar nan ta bakin rafi da aka ara maka shekara goma, mangwaro nawa ka dasa a ciki?"

"Wa ke dasa itace a gonar aro?"

"To, ni ma ba zan dasa ba."

Wani ya yi tari a baya, tarin da bai yi kama da na mura ba. Alhaji Sabo ya juya ga mahaifinta.

"Malam Kallamu, ka yi wa 'yarka magana."

"Na yi mata tun tana ƙarama, Alhaji. Abin da na faɗa mata ne take yi."

Alhaji ya sanar cewa za a nemi wani ya karɓi aikin. Aka nema har Laraba. Wanda aka samo daga Ɗanbatta ya iya gyaran cajin waya ƙwarai, amma bai san kan taswira ba.

Ranar Alhamis taswirar Jaki ta buɗe, ta tsaya cak ba juyi. Baƙi suka duba, suka ce madalla, suka tambayi inda aka ajiye abinci. A jawabinsa Alhaji ya gode wa kowa ɗaya bayan ɗaya, har da mai hayar kujeru, amma sunan Furera ya kuɓuce masa, kuma a zaman da ya biyo baya aka cire ta daga kwamitin aikin saboda abin da aka rubuta da "rashin ladabi ga shugabanci".

Washegarin cirewar ta hau bas da kwafi uku a jakarta. A ƙauyen farko suka tambaye ta ko gaskiya ne akwai wani mai juyi.

"Akwai," ta ce. "Wannan dai naku ne. Ku kawo wayar in nuna muku."