Ƙafar da Ta Taka Birki

"Wa ya soka masa allura a nan?" Nas ta tambaya, yatsanta a kan wani ƙullutu mai tauri a cinyar Direba.

Matar Direba ta sunkuyar da kai. "Mai kemis ne, Yaya. Ni na ce a riƙa yi masa a nan, tunda ba ya jin zafi."

Kai! Nas ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Shekara talatin ta yi a asibiti, katanga ɗaya ce tsakaninta da mutanen nan, amma ba a kira ta ba sai da gyambon diddigensa ya fara wari. Tun haɗarin da ya kashe masa ƙafafu, da ƙyar jini ke zagayawa a cikinsu. Allurar kwana tara tana nan kwance a tsoka, ba ta je ko'ina ba.

Ta nemo jijiya a hannunsa, ta mayar da maganin ta can. Ta ɗauki biro ta zagaye iyakar kumburin a ƙwaurinsa. Washegari ya tsallake layin. Kwana biyu, ya doshi gwiwa.

Likitan da ta kirawo bai ɓoye komai ba. Magani ba ya isa naman, sai dai a yanke ƙafar.

"A yanke wa?" Direba ya ɗago a kan gwiwar hannu. "Ranar haɗarin ita ta danne birki har bayana ya karye. Fasinja goma sha takwas suka fita da ƙafafunsu. Ita ce za a jefa a bokiti?"

"Taurin kan nan zai kashe ka, wallahi!" in ji Nas.

"To, sai me? Tare za mu tafi."

Haushi ya cika ta, ta fita tana faɗa har ƙofar gida. Da safe kuma sai ga ta da allurarta.

Ran kwana na shida zazzaɓi ya rufe shi. Da hantsi ya buɗe ido.

"Nas, sa min takalmana."

Na hagu ya shiga. Na dama ya ƙi, don kumburi. Ta sa almakashi ta tsaga shi har baki, ta zura masa, ta ɗaure igiyar yadda ta iya.

Kafin azahar ya cika. Da matarsa ta ja mayafi ta rufe fuskarsa, sai takalman biyu suka leƙo ta ƙasa.