Kiran Suna a Ƙofar Maser Filomen

Alhaji Illiassou, mai sayar da shadda da atamfa a unguwar Porte de la Chapelle, can ƙasar Turawa, bai taɓa furta sunan ɗiyarsa ba. Ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci, Rékia. Ɗan Damagaram da ya san gidansu ba ya kiran ɗan fari da suna, balle ya kama sunan uwa ya yi ta jifa da shi a tsakar gida. Idan yana son ruwa a gidansu na Bobigny, sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa," ko da su biyu ne kawai a ɗakin.

Yarinyar ta yi ƙoƙari a boko, aka ɗauke ta a wata makarantar Katolika ta 'yan mata a kan tudun Lyon. Alhaji bai hana ba. Ya bincika, aka ce ba a tilasta wa kowa shiga coci, kuma ana rufe ƙofa da wuri. Wannan ya ishe shi.

A shekararta ta ƙarshe ta zo hutu, ta zauna a bakin ƙofar falo tana ba ƙanin babanta Moctar, mai ɗaukar kaya a kasuwar Rungis, tarihin makarantar. Da Moctar take magana, amma kowa ya san kunnen da ake nufi.

Ta ce a zamanin da, unguwar ta masaƙan siliki ce. Idan aiki ya mutu, uba yakan kawo ɗiyarsa ya ajiye a ƙofar wata mace mai hidimar coci, Maser Filomen, ya ƙwanƙwasa ya gudu. Matar ta tara 'yan mata a wani tsohon ɗakin saƙa tana koya masu karatu, da yawansu ba a san na wane ne ba. Da abin ya ishe ta sai ta kafa doka: ba yarinyar da za ta ƙetare ƙofarta sai wanda ya kawo ta ya tsaya a fili, ya kira sunanta da ƙarfi, ya ce tasa ce. Daga ɗakin nan makarantar ta tashi. Har yau, ranar tunawa da kafa ta, 'yan ajin ƙarshe kan jeru a gaban tsohuwar ƙofar, uban kowacce ya kira, ita kuma ta shiga.

"To, Baba Moctar," in ji ta, "ni wa zai kira ni?"

Moctar ya yi dariya. "Ni mana. Ko muryata ba ta kai Lyon ba?"

Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. A ganinsa magana ta ƙare. Abin da uba ba ya yi, ƙanensa ke yi, haka ake a ɗaurin aure, haka ake a suna.

Ranar ta zo, suka hau jirgin ƙasa su biyu da manyan riguna. A tsakar makarantar an jera kujeru, shugabar, wata tsohuwar maser mai sanda, tana tsaye a gefen ƙofar. Ƙofar ma ba wata abin kallo ba ce, ƙaramar katako ce da ta sha fenti. Iyaye suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani Bature har da kuka. Alhaji ya kawar da kai, don bai ga abin da zai sa namiji ya zubar da hawaye a gaban ɗiyarsa ba.

Da layi ya zo kan ɗiyar Alhaji, Moctar ya miƙe ya gyara hula, ya kira sunan da muryar da yake kiran masu tura kaya, ya ce tasu ce. Shugabar ta gyaɗa kai. Ita ba ta san wane ne uban ba, ta ga mutum ya tashi, ta karɓa.

Yarinyar ba ta motsa ba.

Moctar ya sake kira. Ta tsaya da hannuwanta a baya, idonta a ƙasa. Mutane suka fara waiwaye. Shugabar ta matsa ta yi mata magana a hankali, yarinyar ta girgiza kai.

Moctar ya sunkuyo. "Yaya, ka ga taurin kan nan, ba a wajena ta gado shi ba."

"Ka ce mata ta shiga."

"Na ce har sau biyu. Ko in je in ɗauke ta kamar buhun albasa?"

Alhaji ya dubi 'yan matan da ke bayanta suna jira. Ya ga wata uwa ta rufe baki tana raɗa wa mijinta, ya kuma san abin da ake raɗawa: ga wadda ba ta da mai ita. Duk shekarun nan shirunsa girmamawa ne, kowa a Damagaram zai shaida. A tsakar gidan nan kuwa shirun ya zama irin na masaƙin da ya ƙwanƙwasa ya gudu.

Ya miƙe. Ya nemi gafarar mahaifiyarsa a zuci. Sunan ya fito masa a shaƙe, kamar na wanda bai iya harshen ba.

"Rékia. Tawa ce."

Da Hausa ya faɗa, ba wanda ya nemi fassara. Ta taka ta shiga ƙofar, aka tafa, aka kira ta gaba.

Bayan an tashi, sauran 'yan mata suka ruga suna rungumar iyayensu. Ita ta daɗe ba ta fito ba. Da ta zo, sai ta durƙusa nesa da shi a kan duwatsun tsakar gidan, a gaban Turawa, ta gaishe shi da gajiyar hanya. Ya amsa. Kunyar abin da ta sa shi ya yi ta kama ta, har suka kama hanyar tasha ba ta iya ɗaga ido ta dube shi ba.