Sa Hannun Tasha

Ranar Talata muka fara, ana yayyafi tun safe. Kawuna tela ne, shi ne kuma shugaban jam'iyyarmu mai alamar almakashi. Ofishinmu wani ɗaki ne a bayan shagonsa, benci biyu da tebur da aka tokare da bulo. A zaɓen da ya wuce ƙuri'unmu ba su kai yadda doka ta nema ba, sai hukumar zaɓe ta ce mu kawo sa hannun mutum dubu biyu cikin kwana talatin, ko a cire mu daga takardar ƙuri'a.

Mu biyar muka ɗauki aikin. Kafin mako biyu saura ni kaɗai. Sakatare ya ce gwiwarsa ta motsa, sauran ko waya ba sa ɗagawa. Kawu ya ce in riƙa bin unguwa ɗaya gida-gida, in gama kafin in shiga wata. Ni kuwa ba na iya tsayuwa a ƙofar mutum ina jiran a ce ba ya nan. Sai na koma tashar mota, inda fasinjoji ke zaune ba aikin fari ba na baƙi, suna jiran mota ta cika. Wani direba ya ce zai sa hannu idan kawuna zai ɗinke masa ramukan titi. Kullum nakan wuni a can, in ci abinci a tsaye, ban san kowa ba.

Ranar ƙarshe muka kai sa hannu dubu biyu da ɗari da arba'in. Kawu har sabuwar riga ya ɗinka. A ofishin hukumar, wata ma'aikaciya ta bi lambobin katin zaɓe da yatsa, tana ware wasu takardu gefe. Ta ce kowace takarda ta mazaɓa ɗaya ce, wadda aka cakuɗa mutanen wurare daban-daban a cikinta ta faɗi gaba ɗaya.

Kawu ya dube ni. "Ɗan nan, ina ka samo waɗannan?"

"A tasha, Kawu."

Bai yi faɗa ba. Ya ce in yi gaba, shi zai taka da ƙafa.

Takarda arba'in da uku aka soke, sa hannu ɗari takwas da sittin. Kwana talatin sun tafi, da abokan aiki huɗu, da gurbin da Kawu ya riƙe shekara goma sha biyu a takardar ƙuri'a.