Rawar Kadan da Aka Cire

Ba za a kama sunanta a labarin nan ba. Anti kawai za a ce, dalili kuwa na nan tafe.

Tasoula ɗalibar aikin jarida ce a birnin Darwin, 'yar gidan wasu Girkawa masu sayar da soyayyen kifi da dankali. A shekararta ta ƙarshe malaminsu, Gareth, ya tura ta ɗaukar bikin alfahari na gari, ranar da masu son jinsinsu da waɗanda suka sauya jinsi ke cika titi da kiɗa da tutoci kala-kala. Ɗan fim ɗin da za ta haɗa shi ne jarrabawarta. Ya ja mata kunne kada ta kawo masa tutoci, ya gan su har ya gaji. Fuska ɗaya yake so, wadda za a tuna.

Ranar bikin ta ɗauki masu babura, ta ɗauki ma'aikatan jinya, ta ɗauki wani kare da aka ɗaura wa siket. Duk shirme, ita ma ta sani. Tana share gumi sai ta ji an ce, "Ke mai kyamara, mutane kika zo ɗauka ko ƙeyarsu?"

Wata dattijuwa ce cikin ayarin 'yan asalin ƙasa da ya ƙetaro daga tsibiran Tiwi, fuskarta shafe da farar ƙasa da ja. Namiji aka haife ta, mace ta rayu, abin da ya ja mata zagi da jifa tun tana ƙarama. Ta gaya wa Tasoula haka a taƙaice, tana gyara zani, kamar mai ba da labarin wani. Sannan ta ce za ta yi rawar kada, wadda ta gada wurin mahaifinta.

"Ɗauke ni da kyau, 'yar nan. Ɓuya ta ishe ni. Kowa ya gan ni, har masu kau da kai."

Aka buɗe mata fili, 'yan ayarin na yi mata tafi. Ta ware hannuwa, ta shiga dukan kwalta da ƙafa ba takalmi. Tasoula ta ɗauka tsaf. A tsakiya ta ɗan juya kyamara kan 'yan kallo don cike gurbi, yadda aka koya musu. Da Gareth ya gani ya ce to, fim ya samu.

Ana cikin haɗa fim ɗin ciwon ƙoda ya ɗauke Anti.

Kowa a Darwin ya san gargaɗin da talabijin ke sakawa kafin a nuna hoton ɗan asalin ƙasa da ya rasu, don a al'adarsu ba a kallon hoton mamaci, ba a kama sunansa. Tasoula ta rubuta irinsa a farkon fim, ta ɗauka ta fita hakki. Nan ta yi kuskure. Gargaɗi na baƙi ne; dangi kuwa tambayarsu ake yi.

Ƙanwar Anti, Concepta, ta zo har ɗakin tace fim. Ta ja kujera ta zauna, bayanta ga allo. Ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce ba suna, ba fuska, ba murya, sai an yi bikin sallama an kafa sassaƙaƙƙun itatuwa a kabari, wataƙila rani mai zuwa. Jarrabawa kuwa ba ta jiran rani.

Abin ya yi wa Tasoula zafi, kuma ba don maki kaɗai ba. Ta ce ai Anti da bakinta ta roƙa a nuna ta. Sai ta kama sunan, ya suɓuce mata. Concepta ta runtse ido har sunan ya wuce.

"Yi haƙuri," in ji Tasoula. "Amma so take a gan ta."

"Na sani, ɗiyata. Ni na shafa mata ƙasar a fuska. Tun muna yara take jira a kalle ta, shekara guda ba za ta gagare ta ba. Ki adana mata."

Gareth ya ɗaga kafaɗa, ya ce fim nata ne, makin ma nata ne. Tasoula ta cire rawar, ta cire muryar, ta kwafe su ta ajiye. A gurbinsu ta sa abin da ta ɗauka na cike gurbi.

Ranar nuna finafinai ɗaki ya cika. Aka ga babura, aka yi wa kare dariya. Sai allo ya tsaya kan fuskokin mutane: wani ɗan sanda ya saki baki, wata uwa ta ɗaga yarinya a kafaɗa, wani tsoho ya cire hula. Duk idonsu wuri ɗaya, ana jin tafi, ba a ga mai rawa. Na kusa da Tasoula ya yi mata raɗa, wai me suke kallo ne haka?

Ta waiwaya. A layin baya Concepta na zaune, wannan karon fuskarta ga allo, tana tafa hannu a hankali daidai da bugun ƙafar da ba a nuna ba.