Mesar Orrin

Da Orrin ya rasu, bai bar wa matarsa Delphine wani abu mai numfashi ba sai mesarsa, Duchess. Tun tana kamar igiyar takalmi ya saye ta a kasuwar macizai ta Daytona, kuma duk baƙon da ya shigo gidan sai ya sha labari: 'yar Suriname ce tsantsa, a dubi jan wutsiyar nan.

Yanzu ta fi ƙarfin Delphine. Kafaɗar da ba ta iya sauke tukunya daga wuta, ina ita ina maciji mai kaurin cinya? Sai ta ji labarin wani mai kiwon macizai a kasuwar nan, Thaddeus, wanda ba ya ajiye kowace mesa sai ta Suriname. Maƙwabcinta ya ɗora mata akwatin mesar a mota, ta nufi kasuwar.

Thaddeus ya juya Duchess, ya duba cikinta, ya bi zanen bayanta da yatsa.

"Mama, wa ya ce miki 'yar Suriname ce?"

"Mijina. Shi ma wanda ya sayar masa ne ya faɗa."

"Yana ina?"

"Ya riga Orrin tafiya."

Jolene, mai tebur na kusa, ta miƙo wuya. "Wannan ai ta Guyana ce. Dubi duhun gefenta."

"Ke rufa mana baki," in ji Thaddeus. "Bara ma ta Peru kika kira ta Guyana."

"Kai ɗin fa? Kogi ne kawai tsakanin Suriname da Guyana. Maciji fasfo yake nunawa kafin ya haye?"

Aka kwashe da dariya, ban da Delphine.

"To a gwada jininta mana," ta ce.

Thaddeus ya sassauta murya. "Ni dai ban san gwajin da zai nuna dajin da aka kamo uwarta ba. Wani lokaci sunan ƙasar da aka loda macizan a jirgi ake liƙa musu. Wataƙila mijinki ya yi daidai, Mama. Amma ba zan haɗa macizaina da wataƙila ba."

Ta bi sauran teburan. Kowa ya yaba wutsiyar, kowa ya ba ta ƙasa daban, babu wanda ya karɓa.

Da ta dawo gida maƙwabcin ya tafi aiki. Ta ja akwatin, ko motsi bai yi ba. Sai ta bar Duchess a motar, ta sauke gilasan saboda zafi, ta zauna a bakin matakala tana kallon titi.